Dashen bishiya miliyan ɗaya: nawa ne ke kai wa bazara?

Malam Habu Mai Gandu: Assalamu alaikum jama'a. Damina ta kama, nan da 'yan makonni za mu fara ganin hoton da muka saba gani: kwamishinan muhalli riƙe da shebur, ga 'yar bishiya a leda, ga sanarwar cewa bana jiha za ta dasa miliyan kaza domin rage hayaƙin kabon da tare hamada. Ba raina abin nake yi ba. Tun 2015 aka kafa hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi da doka, tana aiki a jihohi 11: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL, na jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Gombe ta fara nata shirin 3G a 2019, da ƙudurin bishiya miliyan ɗaya kowace shekara. Kuɗi da niyya dai akwai. Tambayata ga masana da ke nan: in gwamnatin jiha na da naira ɗaya ta muhalli, ina za ta sa ta ta fi rage kabon? Ni a ganina ba a ramin dashe ba ne, duk da cewa sana'ata ke nan.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu shiga, a fara da gaskiyar da ba a son faɗa. Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Ko Jigawa ta daina hura wuta ɗungurungum, zafin Afrilu ba zai ragu ba. Alkawarin da Najeriya ta yi a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, na kaiwa ga daidaita hayaƙi nan da 2060, wato wanda ake fitarwa kada ya wuce wanda ake zuƙewa, na tarayya ne. Me ya kai jihar da ke fama da albashi ga ɗaukar wannan kaya?

Dakta Hauwa: Injiniya, lissafinka daidai ne, inda ka kai shi ne ban bi ka ba. Abubuwan da ke fitar da kabon a Arewa su ne dai waɗanda ke cutar da mu a gida: sare daji, hayaƙin murhu da ke shiga ƙirjin mata da goyonsu, janareta, ƙona shara, ƙona gona. Ko babu wata yarjejeniyar Faris, waɗannan abin gyarawa ne. Kuma yawancinsu a hannun jiha suke. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, gandun daji na jiha ne, kwashe shara na jiha da ƙaramar hukuma ne, tun 2023 kuma jihohi na da ikon samar da wutar lantarki da rarraba ta. Abuja tsari take rubutawa, gatari kuwa a ƙauye yake.

Malam Habu Mai Gandu: To bari in fasa muku miliyan ɗayan nan ku ga abin da ke ciki. In aka dasa da tazarar mita 3 kowane ɓangare, hekta na ɗaukar bishiya 1,111. Miliyan ɗaya ke nan hekta 900. In fili ɗaya ne dunƙule, kilomita 3 tsawo 3 faɗi, shingen kilomita 12 ya ishe shi. Amma ba haka ake yi ba, kowace ƙaramar hukuma na son rabonta. A raba shi gida 90 na hekta goma-goma, shingen da ake bukata ya haura kilomita 110. Ba a taɓa sa wannan a kasafi, sai a dasa a buɗe, akuya ta yi sallah.

Sai ruwa. Dashen shekarar farko a ƙasar Katsina ko Yobe na son aƙalla lita 5 sau biyu a mako tun daga ɗaukewar ruwa a Oktoba har zuwa Yuni. Lita miliyan 10 ke nan a mako, wato sawun tanka dubu ɗaya in tankar na cin lita 10,000. Wa zai biya? Kuma dizal ɗin tankokin nan shi ma hayaƙi ne.

Babban kuskuren kuwa lokaci ne. Dashe na son sauka ƙasa da zarar ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, don ya samu wata biyu da rabi ko uku yana kafa saiwa. Kuɗi kuma ba sa fitowa sai Agusta, a yi biki ana tsakiyar marka, a gama rabon dashe a Satumba. Bishiyar da ta sha ruwan mako uku ba za ta ga Janairu ba. Kuɗin dashen bana a Fabrairu ya kamata su fita, lokacin cika leda da shuka iri.

Sarkin Noma Ɗanjuma: Malam Habu, ka yi mana bayanin ramin kansa. Yawancin masu dashen matasa ne da aka ɗauko ranar, ba wanda ya nuna musu.

Malam Habu Mai Gandu: Ranka ya daɗe Sarkin Noma, ga shi a taƙaice. Rami santimita 40 zurfi, 40 faɗi, a jigawa. A fako a kai 50. A ware ƙasar sama daban, ita za a fara mayarwa, a gauraya da ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu. Ɗanyen taki gara yake kira. Dashen ya kasance tsawon santimita 30 zuwa 45, an rage masa ruwa mako biyu kafin a ɗauko shi don ya saba da wahala. A yanke gindin ledar da reza kamar faɗin yatsa, domin a nan saiwar ke nannaɗewa, sannan a tsaga ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Da yawa ana binne su da leda, shi ya sa za ka ga bishiya ta shekara biyu ba ta wuce gwiwa ba. A dasa daidai inda ƙasar leda ta tsaya, a danne da ƙafa, a yi masa 'yar kwarya ta tara ruwa.

Iri ma da nasa. Ƙwallon gawo, bagaruwa da daƙwara ɓawonsu tauri gare shi: a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefe. Ƙwallon darbejiya kuwa ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, sai dai a shuka sabon tsinka. Gawo kada ya wuce wata uku zuwa huɗu a leda saboda doguwar saiwarsa. Turare kuma a nisanta shi da fadama da rijiya, shan ruwa gare shi, ƙarƙashinsa ma ba abin da ke yi.

Issoufou na Maradi: Sannunku da aiki 'yan uwa. Ina biye da ku daga wannan gefen iyaka. Mu ma muna da bikin dashe, ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, tun 1975 ake yi. Amma ba shi ya mayar da itace a gonakin Maradi da Damagaram ba. Sassabin zamani ne. Tun wajen 1983 aka fara shi a yankin Maradi, lokacin da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tohon da manomi ke sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, kututturen bishiya ne mai rai da saiwarsa a ƙasa. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da bishiya wajen miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya. Babu leda, babu tanka.

Yadda ake yi: lokacin sassabe, manomi ya zaga gonarsa ya zaɓi kututturan da yake so, gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, kirya. A kowane kututture ya bar toho uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Sara daga ƙasa zuwa sama, da kaifaffen ƙarfe, don kada ɓawo ya ɓare. Waɗanda aka bari a sassabe musu rassan gefe zuwa rabin tsayinsu kawai. In aka aske su tas, iska ko saniya za ta karya su. A ɗaura tsumma a jiki, alamar mai shi na so. A dawo bayan wata biyu zuwa shida a sake gyarawa. Duk shekara a cire sanda ɗaya a yi girki ko rufi, a bar sabon toho ya maye. Bishiya 40 a hekta ba ta hana gero yi, gawo ma ƙara shi yake yi, tunda da damina yake zubar da ganye.

Injiniya Bala: In abin ya kai haka sauƙi, Malam Issoufou, me ya sa daga Jibiya zuwa Maradi tafiyar sa'a guda ce amma gonakin ba iri ɗaya ba?

Barista Ummi: Bari in amsa wannan, don amsar ta doka ce ba ta noma ba. Manomi ba ya rainon abin da ba nasa ba. Dokokin gandun daji na jihohi da dama, da aka gada tun zamanin Turawa, sun jera itatuwan da ba a sarewa sai da izinin malamin daji, ko da a cikin gonarka suke. Niyyar kariya ce, amma abin da ta haifar shi ne manomi ya kashe tohon tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zame masa dalilin tara. A Nijar abin ya fara tafiya ne da aka sassauta wannan riƙon, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina. Majalisar dokokin kowace jiha a nan na iya yin irin wannan gyara a sashe biyu ko uku: bishiyar da ka raina a gonarka taka ce, kana iya sassabe ta, kana iya sayar da rassanta, wanda ya sare ta ba da izininka ba ɓarawo ne, kuma ga inda za ka kai ƙara. Sai a haɗa da yarjejeniyar gari a gaban dagaci da arɗo, saboda bayan kaka dabbobi ke shiga gonaki, makiyayi kuma na sare rassan gawo ya ba garke. In ba a zauna da shi an ware lokacin sara da iyakarsa ba, rigima za a girba. Kuma duk dashen da aka yi a kan burtali ko hanyar mashaya, a ɗauka an yi asararsa tun ranar.

Hajiya Rabi Mai Murhu: Duk kun yi ta maganar abin da ke shiga rumbu, ba wanda ya duba ƙofar da ake ɗiba. Ku ɗauki gida mai mutum takwas da ke girki a kan duwatsu uku, a ce yana cin kilo 8 na itace a rana. Kusan tan 3 ke nan a shekara. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kowane kilo na kabon kuma in ya ƙone yana zama kilo 3.67 na iskar. Gidan nan ɗaya na sakin wajen tan 5 na iskar kabon a shekara. A ce bishiyar Malam Habu ta rayu, ta shekara goma ta tara kilo 100 na itace. Gida ɗaya na cinye irinta 30 duk shekara. Ina amfanin ɗinki ana warwarewa ta baya?

Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin ne kawai ke shiga tukunya, sauran iska ke kwashewa. Ingantaccen murhu na kai 25 zuwa 40. In ya rage cin itace da kashi 40, gidan nan ya tsirar da tan 1.2 na itace a shekara. Gida 100,000, tan 120,000, daidai da bishiya miliyan 1.2 'yan shekara goma, kuma a shekarar farko, ba jiran girma. Wannan ce amsata ga tambayar naira ɗaya.

Dakta Hauwa: Hajiya, lissafin ya yi, amma an sha raba murhu kyauta, a dawo bayan shekara a tarar kaji na ƙwai a ciki. Me ke kawo haka?

Hajiya Rabi Mai Murhu: Dakta, abu huɗu ne, kuma duk laifin masu rabawa ne ba na matan ba. Na farko tukunya. Ana sayo murhun da aka ƙera don tukunya mai shafaffen gindi, mu kuwa tukunyarmu zagayayyen gindi gare ta. Ratar da ke tsakanin tukunya da bangon murhu bai kamata ta wuce faɗin yatsa ɗaya ba, wajen santimita 1. In ta yi faɗi zafi ya gudu, in ta matse wuta ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Don haka murhu lambar tukunya yake bi. Na biyu tuƙi. Murhun da ba zai jure muciya ba, yana rawa ana tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, ranar farko za a ajiye shi. Na uku itace: wasu sai an faskara itacen ƙanana kamar yatsa, wa ke da wannan lokacin? Na huɗu gyara. Ƙarfen ciki na cinyewa, na laka na tsagewa da damina, in babu maƙeri ko magina a garin da ta san gyaransa, shi ke nan.

Na laka ma ba wuya. Jar ƙasa mai danƙo ko ta suri, a cuɗa da ƙaiƙayi da kashin jaki, a bar ta ta ruɓa kamar mako guda. A kafa duwatsun uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa amfani da ita, a gina bango mai kaurin tafin hannu har kusa da wuyanta, a bar ƙofa ɗaya ta itace da ba ta wuce faɗin hannu ba, tana kallon inda iska ke fitowa. A bar shi ya bushe a inuwa kwana bakwai kafin a hura. A Nijar an daɗe da irin wannan, Albarka na laka da Mai Sauƙi na ƙarfe. A Kano kuma ana harhaɗa murhun Save80 na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Amma in ni ce gwamnati, ba da gidaje zan fara ba. Da makarantun kwana, gidajen gyaran hali da asibitoci zan fara, su ne ke sayen itace mota-mota da kuɗin jiha. Sai gidajen burodi da masu turara shinkafa. Wuri kaɗan ne, ana iya auna itacen a sikeli kafin da bayan.

Issoufou na Maradi: Hajiya ta taɓo gaskiya. Ƙari ɗaya: gawayi ya fi itace ɓarna. Ramin ƙona gawayi na gargajiya sai ya ci kilo 5 zuwa 10 na itace kafin ya ba da kilo ɗaya. Kuma ba kowace bishiya yake nema ba, kirya da marke yake bi, masu tauri masu jinkirin girma.

Barista Ummi: Shi ya sa jihohi da dama suka haramta shi.

Malam Habu Mai Gandu: Haramcin ne ba ya cin wuta, Barista. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin gas da kananzir suka tashi, gidajen birni da suka bar gawayi suka koma masa. In ka hana a jiharka, buhu ya ƙara kuɗi, a sare dajin maƙwabta, shingayen hanya su samu abin karɓa. Kabon dai ya fita, gari kawai ya sauya. Abin da Nijar ta gwada tun farkon shekarun 1990 ya fi ma'ana a wurina: kasuwannin itace na karkara. A ba gari dajinsa, a raba shi kashi-kashi, a sare kashi ɗaya a shekara da adadin da aka ƙayyade, a bar sauran su huta, haraji kuma ya fi nauyi a kan itacen da aka saro daga dajin da ba tsari. Bai tsira daga maguɗi ba, amma aƙalla mai saran na da dalilin barin kututture ya tofo.

Injiniya Bala: To ku ba ni fili in kare ɓangarena, don an mai da ni ɗan adawa. Litar dizal na fitar da kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur 2.3. Janareta na shan wajen kashi uku cikin goma na lita kafin ya ba da yunit ɗaya na wuta. A Arewa kilowat ɗaya na faifan sola na ba da yunit 4 zuwa 5 a rana. Babban asibitin da aka sa wa kilowat 50 zai samu yunit 200, ya huta da litar dizal 60 a rana, kusan tan 60 na hayaƙi a shekara. Wannan ragi ne da mita ke nunawa, ba ƙiyasi ba. Ga misalai a ƙasa: megawat 10 na Kumbotso a Kano da aka buɗe a farkon 2023, da megawat 30 na Gorou Banda a bakin Yamai, da megawat 7 na Malbaza.

Inda jihohi ke zubar da kuɗi shi ne fitilun titi. Dalilan mutuwarsu sanannu ne. Batirin ruwa a cikin akwatin ƙarfe a zafin digiri 40 da wani abu ba ya wuce shekara biyu. Na litiyam ya fi juriya amma ɗan kwangila ya fi son mai araha. Ana sa ƙaramin faifai ga babbar fitila, batir ba ya cika, kullum yana kwana a ƙasa har ya mutu. Ƙurar hunturu na rufe faifan, ba kuma wanda aikinsa ne ya hau ya goge. Faifai ya kalli kudu da karkatar digiri 10 zuwa 15, amma za ka ga layi guda kowanne da alƙiblarsa. Maganin a takardar kwangila yake: a riƙe kaso na kuɗin, a biya shi shekara-shekara gwargwadon fitilun da ke ci. Injinan iska 37 na Lambar Rimi a Katsina, masu megawat 10, da suka shafe shekaru fiye da goma kafin a ga amfaninsu, sun isa darasi kan sayen abin da ba a tanadi kula da shi ba.

Sarkin Noma Ɗanjuma: Injiniya, ka manta da mu 'yan fadama. A ce injin ban-ruwa na shan lita 4 a rana, kwana 100 na rani, lita 400 ke nan, sama da kilo 900 na hayaƙi daga inji ɗaya. Ka ƙirga injinan da ke bakin kogin Haɗeja da na Rima. Famfon sola mai ƙarfin doki ɗaya na son faifai wajen wat 1,200, kuma yana aiki a rijiyar fadama mai zurfin mita 7 zuwa 10. Matsalarsa biyu: ruwansa a hankali yake zuwa daga hantsi zuwa la'asar, don haka sai an ƙanƙanta fangaloli, sannan ɓarayin faifai. Mai ƙafafun taya da za a tura gida da yamma ya fi. Manomi ba kyauta yake nema ba, bashi yake so da zai biya bayan girbi biyu ko uku da kuɗin fetur ɗin da ya huta saye.

Dakta Hauwa: Tunda an shigo fadama, akwai iskar da ba a gani ba a kuma sansana ta: metan. Tan ɗaya nata daidai yake da tan 28 na iskar kabon a lissafin shekara ɗari. Gonar shinkafar da ruwa ke kwance a kanta dare da rana ita ke haifar da ita, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da ciyawa inda babu iska su ne ke fitar da ita. A Kadawa, Kura, Bakolori da fadamun Kebbi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganin bututun roba ne mai tsawon santimita 30, faɗi 10 zuwa 15. A huhhuda santimita 20 na ƙasa, a kafa shi a cikin fangali har ramukan su nutse, a kwashe lakar ciki. Daga mako biyu bayan dashe, a daina ban-ruwa har sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron gona, sannan a sake cikawa zuwa santimita 5 a sama. Haka za a yi ta yi. Sai dai daga mako guda kafin fitar kai zuwa mako guda bayansa, ruwa ya zauna, in ba haka ba shinkafa ta yi ƙaiƙayi. Ana rage metan da kashi 30 zuwa 50, ruwa kuma har kashi 30. Inda yake ɓaci: gonar da ba a baje ta daidai ba, tudun ya ƙone kwarin na jiƙe, ciyawa na ƙaruwa, sannan manomin da ke ƙarshen kwata ba zai yarda ya bar gonarsa ta tsane ba tunda bai san ranar da ruwa zai sake iso shi ba. Sai an gyara rabon ruwa tukuna.

Sarkin Noma Ɗanjuma: Wannan na ƙarshen shi ne maganar, Dakta. Mai injin kansa zai karɓa gobe, don fetur zai rage masa. Na kan kwata sai ya ga jadawali a rubuce.

Barista Ummi: Don Allah wani ya yi mana bayanin cinikin kabon. Kamfanoni na zagaya ma'aikatun muhalli da takardun yarjejeniya, ana ambaton dala.

Dakta Hauwa: Abin da ake sayarwa takardar shaidar rage kabon ce, kowace ɗaya na nufin tan ɗaya da aka hana fita ko aka zuƙe. Mai saye na duba abu uku: da ba don kuɗinsa ba aikin ba zai yiwu ba, kabon ɗin zai zauna shekaru da dama, galibi 30 zuwa sama in bishiya ce, sannan ba a kori saran zuwa dajin gaba ba. Gobara ɗaya ta Disamba na iya share lissafin shekara takwas, don haka share layin tare wuta mai faɗin mita 10 zuwa 15 kafin ciyawa ta bushe na cikin aikin. A ɓangaren murhu kuwa kasuwar ta yi sanyi, tun da wani bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon 2024 ya nuna cewa takardun da aka fitar sun ninka ragin gaskiya wajen sau tara. Dalili: ana ɗauka duk murhun da aka raba ana amfani da shi kullum, ana kuma lissafa yawancin itacen kamar ba ya sake tofowa. Wannan gyaran ya shafi lissafin Hajiya ma, reshen da aka sassabo daga gawo mai rai ba ɗaya yake da kiryar da aka tumɓuke ba.

Ke da za ki karanta takardar, Barista, ki duba shekara nawa aka ɗaure filin, wa ke da shi yanzu, ko za a hana kiwo da tsintar itace, kaso nawa ke isa gari, kuma wa zai biya in daji ya ƙone.

Hajiya Rabi Mai Murhu: Na karɓi gyara, Dakta. Ko an raba lissafina biyu, har yanzu ya fi na tankar Malam Habu.

Malam Habu Mai Gandu: Ban musa ba Hajiya. Sai dai akwai inda dashe ba shi da madadi: fakon da babu kututture, da tudun yashi irin na Yusufari, da shingen tare iska. A fako ramin tara ruwa mai siffar rabin wata ake ginawa, faɗin mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, wajen 313 a hekta, a jere su saɓi-zarce yadda ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya zai faɗa na ƙasa. In aka kuskure layin gangara, ruwan farko mai ƙarfi zai fasa kunne ɗaya ya mai da shi kwazazzabo. Shingen iska kuma yana kare gona har ninki 10 zuwa 15 na tsayinsa, amma kada ya toshe ɗam, ya bar kusan rabin iskar ta ratsa, in ba haka ba ta haura ta sauko da ƙarfi a bayansa. A kwarin Majiya na jihar Tawa, tun 1975 aka jera darbejiya layi bibbiyu da tazarar mita 100, mutanen wurin suka riƙa sassabe kawunansu suna samun itace.

Abin da nake so jihohi su sauya shi ne ranar ƙirga. A ƙirga a watan Mayu, ba Oktoba ba. A zaɓi filayen gwaji da ƙuri'a, mita 20 sau 20, a ɗauki lambar wurin da waya, a ƙirga masu rai, daga shekara ta uku a auna kaurin gangar a tsayin mita 1.3. Mai ƙirgar kada ya zama mai dashen. Ɗaliban gandun daji na jami'o'in jihar sun isa. Kuɗin ɗan kwangila kuma kashi 40 ranar dashe, 30 a Mayun farko, 30 a Mayu na biyu.

Injiniya Bala: Da wannan sharaɗin ba ɗan kwangilar da zai zo, Malam.

Issoufou na Maradi: Sai a ba matan garin da ke kusa da filin. Kowace a ware mata layinta, a biya ta kan kowace bishiyar da aka tarar da rai a Mayu, ciyawar da ta fito a tsakani kuma tata ce ta yanka ta sayar. Amma a haƙa rijiyar kafin a kawo dashen, kuma kada ta wuce tafiyar jaki da jarka huɗu.